Wanda Ya Ci Samosa Biyu

Ranar Litinin ce, ruwan damina na zuba a birnin Pune na Indiya tun asuba, aka bugo waya cewa madarar ƙauyuka goma sha ɗaya ta lalace a tankunan sanyi. Manhajar kamfanin ce ke gadin tankunan. Duk minti biyar, sashen manhajar mai duba lafiyar ayyukanta yakan leƙa wani gurbi a jikin kowane aiki ya ga yaushe ya motsa. In aiki ya mutu, sai ƙararrawa ta buga wayar injiniyan da ke tsaron wannan mako. Kwana uku ba ta buga ba.

Kafin azahar an sallami injiniya Devika daga aiki, don sunanta ne a kan gyaran ƙarshe da aka yi wa manhajar. Ita kaɗai ke kawo kwanon abincinta teburin Sarfaraz Mulla, mai gwajin manhaja, can lungu.

Sarfaraz ya buɗe gyaran. An goge gurbin, an ƙara layi guda: in babu gurbi, a ce lafiya lau. An yi shi ran Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti takwas, lokacin yana masallaci.

Ya fara bincike da Ninad, maƙwabcin teburin Devika.

"Ran nan ina garin Nashik wajen biki, malam ɗan sanda. In nuna maka hoton rawata?"

Ya je wajen manaja Kulkarni.

"Yallaɓai, kai ma kana iya shiga ko'ina a manhajar."

"Shekara shida rabona da rubuta layin manhaja. Koma lungunka."

Ya koma ya bi saƙonnin Juma'a. Ɗaya da minti goma sha biyu, daga kwamfutar Devika: "Yau samosa a wuyana." Al'adar ofishin ce: wanda ya tashi bai kulle kwamfutarsa ba, duk wanda ya kama shi zai aika wannan da sunansa, mai kwamfutar ya biya kuɗin samosa. Kowa ya ci ɗaya, mai kamun ya ci biyu.

Ya sauka cikin ruwan zuwa rumfar mai samosa.

"Inna, wa ya ci biyu ran Juma'a?"

"Harshad mana. Har da ƙarin yaji."

Ya sami Harshad, babban injiniya, shi kaɗai a ɗakin shayi.

"Yaya, kai ke tsaron makon jiya. Sau talatin da bakwai ƙararrawa ta buga maka. Ka goge gurbin don ka huta, da kwamfutarta, don kada sunanka ya fito. Minti huɗu tsakanin gyaran da saƙon, kujera ɗaya. Da ka tashi shiru, da ban gane ba."

Harshad ya ajiye kofinsa.

"Hannuna ne ya saba da aika saƙon," ya ce. "Litinin na so in mayar."

An kori Harshad. An kira Devika ta dawo aiki, ta ce ta riga ta hau jirgin ƙasa zuwa gida.

Abin da aka rasa: madara lita dubu tara, ƙauyuka huɗu da suka koma wani kamfani, ma'aikata biyu, da kujerar da Devika ke cin abinci a kai, wadda aka ɗauke daga teburin Sarfaraz.