Akwatin da Ya Gaji Hasumiya

Da hantsi aka bugo waya caji ofis cewa an yi sata a ƙaramin filin jirgi na bayan gari. Sufeto na jin haka ya ture kofin shayinsa gefe. A kwatas ɗin ma'aikatan filin aka haife shi, nan marigayi mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa motar kwana-kwana. Rabonsa da wurin tun ranar da suka kwashe kaya.

Saje ne ya ja mota. Suna shiga ƙofa zuciyar Sufeto ta karye. Wurin da a da ƙananan jirage ke jeruwa kamar motoci a tasha, na masu feshin gona da na likitoci da na 'yan koyo, yau ciyawa ta cinye rabin harabarsa, tantabaru sun mallake rumfar jirage. Motar mahaifinsa na nan a gefe, tayoyinta sun nutse a ƙasa, jan fentinta ya koɗe.

Manajar filin ta tare su a bakin ofis, idanunta sun yi ja.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Na'urar iska. Wani akwati ne a jikin turke, can ƙetaren titin jirgi. Ita ke auna iska, ta faɗa wa matuƙi ta rediyo kafin ya sauka, ba sai an ajiye mutum a hasumiya ba."

"Sabuwa ce?"

"Kwanan nan aka kafa ta. Gobe da rana tsaka kwamitin hukuma zai zo duba mu. Na sha wuya kafin na haɗa shirin da zai raya wurin nan. Mun sa sola, mun rage ma'aikata, makarantar koyon tuƙi ta yarda ta dawo. Duk shirin a kan na'urar ya tsaya. In suka tarar babu ita za su janye lasisi, a yanka filin a sayar wa masu gina gidaje."

"To yaya jirginsu zai sauka goben?"

"Baba na Sama ya ce zai hau hasumiya da tsohuwar rediyo. Tun da aka sallame shi bai fasa zuwa ba. Zai saukar da jirgi, amma ba zai ceci lasisi ba."

Baba na Sama! Ashe tsohon yana raye. Shi ne aminin mahaifin Sufeto, mutumin da muryarsa ta saukar da kowane jirgi a filin nan tun kafin a haifi Manaja.

"Wa kike zargi?"

"Dillalin filaye. Kullum yana shawagi a bakin katangarmu kamar ungulu."

Suka nufi wajen turken. Saje, da yake bai san kan abin ba, ya sa kai tsakiyar titin jirgi yana fito, ko a jikinsa. Sufeto ya kai ƙafa bakin kwaltar, sai ƙafar ta ƙi. Ya duba sama, ko tsuntsun kirki babu, amma ina! Dokar da aka cusa masa da jan kunne tun yana yaro ta riƙe shi: ɗan filin jirgi ba ya tsallaka titi sai hasumiya ta ba shi izini, in babu izini sai ya kewaya ta can ƙarshe.

"Yallaɓai, ga hanya miƙaƙƙiya," in ji Saje daga ƙetare.

"Je ka, ina zuwa."

Ya bi doguwar hanya yana yi wa kansa dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshen titin ba. An yi ruwa jiya da yamma, ga sawun tayar baro a cikin taɓo, ya je ya dawo, duk ta wannan kewayen. Wane irin ɓarawo ne zai ɗauki kayan sata, ga filin Allah ba kowa, ya ƙi yanke hanya?

A gindin turken Saje na ta sosa ƙeya.

"Yallaɓai, ban taɓa ganin ɓarawo mai ladabi irin wannan ba. Bai yanke waya ba, kwancewa ya yi, ya naɗe bakin kowace da salatif. Dubi notocin kuma."

An tara su cikin gwangwani, an rufe, an ɗaure a jikin turken. Ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Sufeto ya san dalili. Noti guda in iska ta kai shi kan titi, ya isa ya fasa tayar jirgi. Ɗan filin jirgi ne kawai zai damu da wannan.

Dillali suka tarar a shagonsa, ya baje a kujera yana waya.

"Yaushe rabonka da filin jirgi?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ai ko hanyar na manta."

"Jan taɓon da ke tayoyin motarka fa? A garin nan wuri ɗaya na san ana samunsa."

Dillali ya kashe waya ya fara kame-kame. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya sauko.

"To, na shiga jiya da yamma ta inda katanga ta rushe. Awo kawai na yi, ai ba laifi ba ne mutum ya shirya."

"Ta ina ka bi zuwa ɗaya ɓangaren?"

"Ta kan kwaltar mana. Titi lafiyayye haka, in bar shi in shiga taɓo da gangan? A dawowa ne ma na ɗan zame."

"Ka ga wani?"

"Na hango wani can nesa yana tura baro cikin yayyafi, yana yi yana hutawa. Na ɗauka mai yankan ciyawa ne."

A mota Saje ya ce a kama shi kawai, fuskarsa ma ta marasa gaskiya ce. Sufeto ya ce in da fuska ake kamu, da Saje ya daɗe a ciki.

Sai la'asar suka koma filin jirgi, suka nufi wajen Maigadi. Yana zaune a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, ya rantse ya maya bai ga kowa ba.

"Baron wane ne wannan a bayan ɗakinka?"

"Nawa ne, yallaɓai. Ya kwana biyu ba a taɓa shi ba."

"Amma an wanke shi tas, har gindin taya. Kai da butarka ma ba ka wankewa."

Maigadi ya sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, ka kai ni duk inda za ka kai ni. Mutumin da ya samo mini aikin nan, ya tsaya mini lokacin ciwon matata, bakina ba zai kira sunansa ba."

Ba sai ya kira ba. Sufeto ya ɗaga kai ya dubi hasumiya, ya ga an goge gilasanta suna ƙyalli. Gaskiyar magana, ranar kasa hawa ya yi. Shi da ya sha fasa gidan 'yan fashi, matakalar nan ta gagare shi. Ya koma gida ya kwana da abin a ransa.

Washegari da sassafe ya bar Saje a ƙasa ya hau shi kaɗai. Ƙamshin ɗakin bai canza ba, man goge katako da tsohuwar takarda. Baba na Sama na zaune gaban rediyo cikin farar rigar aikinsa ta da, ta sha guga, ta yi masa yawa yanzu.

"Auta," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Tun jiya nake kallon ka ta taga. Na ga ka kewaya. Babanka Direba ya yi tarbiyya."

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Zauna, kujerarka ce ta da."

Sufeto bai zauna ba.

"Baba, ina akwatin?"

"Wane akwati? Ni da ko buta da ƙyar nake ɗagawa."

"Shi ya sa ka ari baro. Dillali ta kan titi ya bi da motarsa, Maigadi kullum da kekensa yake tsallakawa, Manaja ma haka. A filin nan mutum biyu ne suka rage da ba za su iya taka kwaltar nan ba izini ba. Ni kuma shekaranjiya ina ofis."

Tsohon ya shafa makirfon da babban yatsa. Da ya buɗe baki, muryar nan da ta saba cika filin ta zama 'yar ƙarama.

"Rana ɗaya kawai nake so, Auta. Su zo su ji yadda mutum ke saukar da jirgi. Akwati ya san matuƙin da muryarsa ke rawa? Ya san ya ce masa kwantar da hankalinka ɗana, ina ganin ka? Na ce in suka ji ni, za su ce a mayar da tsohon nan kujerarsa."

"Ba za su ce ba, Baba. Ba wanda zai iya ɗaukar nauyin hasumiya yanzu. In babu akwatin nan rufe filin za su yi. Baɗi war haka, inda kake zaune ɗakin girkin wani ne."

"Rufewa?" Ya juyo a karon farko. "Yarinyar nan ba ta ce mini rufewa ba."

"Ta faɗa. Ba ka so ji ba ne."

Hawaye ya gangaro masa har cikin furfurar gemu. Ya share da bayan hannu.

"Yana cikin motar babanka, bayan kujera. Na naɗe shi da bargo don kada sanyi ya taɓa shi. Ni na kwance, ni kaɗai. Ka rabu da Maigadi."

Kafin rana ta take, Manaja da bakaniken filin sun mayar da na'urar kan turkenta. Manaja ta ja Sufeto gefe ta ce ita ta yafe, amma kayan hukuma ne kuma rahoto ya riga ya wuce sama. Sufeto ya ce ya sani. Saje ya zaro ankwa, kallo ɗaya Sufeto ya yi masa ya mayar da ita aljihu. Da kansa ya riƙo hannun tsohon suka sauko a hankali, ya buɗe masa gidan gaba na motarsu.

Sun kai bakin ƙofa ke nan suka ji ƙugin jirgi.

"Tsaya," Sufeto ya ce wa Saje.

Wani ɗan farin jirgi ya ɓullo, ya yi kwana, ya daidaita da titi. Baba na Sama ya manna fuska a gilashi, leɓɓansa na motsi, yana ba da izinin da ba mai jin sa. Jirgin ya sauko sannu, tayoyinsa suka taɓa ƙasa ko girgiza babu. Can nesa Manaja na tafi.

"Ya sauka lafiya, Baba. Filin zai rayu."

"Na gani," in ji tsohon. Ya jingina da kujera ya rufe ido. "Ko nema na bai yi ba. Mu je, Auta."