Rukunin Iyali

Tiren shayi ne a hannun Auta lokacin da ta ga takalmansa a bakin ƙofar falo. Baƙaƙe, masu ƙarfe a gaba, irin na masu aiki da inji. Ko cikin dubu za ta gane su.

Ta tura ƙofar da kafaɗa. Yana zaune a kan kafet kusa da kujerar Baba, ya naɗe ƙafafu kamar a gidan aka haife shi.

Mai Lif. Sunan da 'yan gidan suka laƙaba masa ke nan tun bara, don gyaran lif, injin hawa bene, shi ne sana'arsa, lokacin da ya nemi aurenta Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ke wuni a rataye cikin ramin bene ba. Tun ranar ba ta sake sa shi a ido ba.

Mama ta miƙe ta karɓi tiren.

Taron iyali ne. Anti, matar Yaya, ta daɗe tana tallar ƙaninta Manaja, kuma yau Baba ya tara kowa don a ji amsar Auta.

"Baba, a yi haƙuri," in ji Anti, tana gyara zaman gyalenta, "amma na ɗauka maganar cikin gida za a yi. Wa ya gayyato wannan?"

"Ni," in ji Baba.

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Saƙon imel na aika wa rukunin Iyali, kamar kullum. Na ce duk wanda ya samu ya zo. Ya samu, ya zo."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Auta. Ta zauna a hannun kujera.

Baba tsohon shugaban makaranta ne, ba ya kiran 'ya'yansa a waya, rubuto musu yake yi. Watannin baya ya koma sabuwar manhajar imel. Adireshin mutane duk sun biyo shi, amma rukunonin da ya tsara sun watse, likita ya cakuɗe da mai haya, suruki da tsohon ɗalibi. Sai ya sa Auta ta raba su. Ta wuni a teburinsa tana jan sunaye: wannan Abokan Aiki, wannan Masu Haya, wannan Iyali. Can ta ci karo da sunan Mai Lif, ragowar wasiƙar da ya taɓa rubuto wa Baba. Ba ɗalibi ba ne, ba ɗan haya ba. Ta kasa gogewa. Sai ta ja shi ta ajiye ƙarƙashin sunanta a Iyali, don kawai ta ga yadda zai zauna.

Mama ta kira ta daga kicin. Ta rufe kwamfutar ta tafi.

"Ke ce kika raba sunayen nan, ko?" Yaya ya juyo gare ta. "Auta, da gangan kika yi?"

"Ba... ba da gangan ba ne."

"Hannu ne ya zame," in ji Anti. "Ya tsallake Masu Haya, ya tsallake Likitoci, sai Iyali. Hannun nan ya san hanya."

"Tsaya tukuna." Yaya ya dafe kai. "Kenan duk abin da Baba ya rubuto mana tun lokacin, shi ma yana karantawa? Sakamakon asibiti? Rigimar fili? Har faɗan da aka yi min?"

"Har shi," in ji Mai Lif a hankali. "Ka yi haƙuri, Yaya."

"Kar ka ce min Yaya."

Auta ta dube shi a karo na farko. Ya rame. "Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na yi. Saƙon farko da ya shigo, na rubuta wa Baba na ce ina jin kuskure ne."

Duk suka juya ga Baba. Yana zuba sukari a shayinsa, bai ko ɗago ba.

"Na ce masa na sani. Na ce amma tunda ya riga ya karanta, me ya gani game da famfon da ke yoyo."

"Baba... ka sani?" in ji Auta. "Tun tuni?"

"Ni ban iya cire suna ba, kuma ban so in tambaye ki." Ya kurɓi shayi. "Daga baya kuma ban ga dalili ba. 'Ya'ya na haifa, na rubuta musu na ce idona na dama yana hazo. Babba ya turo min hoton babban yatsa. Na biyu bai buɗe ba. Ke, da muke gida ɗaya, kin ce za ki karanta anjima. Wannan ya tambaye ni tun yaushe, ya samo min sunan likita, ya kuma sake tambaya bayan na dawo."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Dabara ce kawai," in ji Anti. "Kowa ya iya ladabi idan yana neman abu. Ƙanina fa ofis gare shi, da mota, da..."

"Na gwada shi," Baba ya katse ta. "Na rubuta masa na ce maganar Auta a rufe take, kada ya sa rai. Washegari ya tuna min lokacin ɗiga maganin ido."

Auta ta juya ga Mai Lif. "Ya ce maka a rufe take, ka ci gaba?"

"Idonsa bai warke ba ai," in ji Mai Lif. Ya rage murya. "Kuma nan ne kaɗai nake jin labarinki, rabin raina. Ko da a ce kin ƙona girki ne."

"Har wannan ka rubuta, Baba?"

"Abin da ya faru nake rubutawa."

Mama ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Baba ya ajiye kofin. "An taru don a ji amsarki, Auta. Bara ban tambaye ki ba, yau ina tambaya. Aikinsa har yanzu ba ya burge ni. Amma ba ni zan zauna da shi ba."

Ta dubi Anti, wadda ta kafe ta da ido. Ta dubi Yaya. Sannan ta dubi mutumin da ke kan kafet, hannayensa duk tabon waya.

"Inda na sa shi, Baba... a bar shi a nan."

Baba ya gyaɗa kai, ya dubi Mai Lif. "Ka faɗa wa manyanka su zo mu gana."

Mai Lif ya sa bayan hannu ya goge fuska.

Anti ta suri jakarta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. "To, shi ƙanin nawa wa zai faɗa masa?"

"Sai dai ke," in ji Baba. "Ni ba ni da adireshinsa."