Wanda Zai Riƙe Ƙafar Auta

A gidan su Auta ba a taɓa yin rashin lafiya ba. Ana dai yawan tafiya ziyara, a dawo da rama da ledar magani.

Shi ya sa ranar da Auta ta dawo daga asibiti ta ce likita ya rubuta mata hoton ƙwaƙwalwa, irin wanda ake tura mutum cikin na'ura mai kama da rami, wato MRI, Mama ba ta tambayi me ke damunta ba. Tashi ta yi ta rufe tagar falo tukuna.

Ciwon kai ne ya addabi Auta wata da watanni, mai zuwa da walƙiya a gefen ido, har ta kasa duba aikin ɗalibanta. Ga bikinta da Tela ya matso. Kafin la'asar an kira Gwaggo, yayar marigayi mahaifinsu, wadda ke yanke hukunci a gidan ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

"Hoton me?" in ji Gwaggo, tana gyara zama da ƙyar.

"Ƙwaƙwalwa, Gwaggo."

"Ke, rage murya! Da ƙafa ce ko ciki, da sauƙi. Amma kai? Dangin yaron nan suka ji an leƙa cikin kanki, kafin magariba labari ya zama taɓin hankali. Ki bari sai bayan biki."

"Likita ya ce cikin makon nan."

"Likitan ne zai aure ki in an fasa? To a yi, amma a yi shiru. Ki ce wa Tela kin raka ni ziyara."

"Ni fa zan gaya masa."

Mama ta fashe da kuka. "Auta, ki yi haƙuri, ki rufa mana asiri!"

"Mama, an ce in na shiga na'urar in kwanta kada in motsa. Wannan haƙurin zan yi shi. Amma babu inda likita ya rubuta in yi ƙarya. In Tela mai gudu ne, gara ya gudu yanzu, tun ba a raba katin gayyata ba."

Bakin ne kawai ke da ƙarfi. Washegari a tsorace ta isa shagon ɗinkin Tela. Ta same shi durƙushe yana daidaita bakin wando, allurai cike da leɓensa. Ta zayyana masa komai a tsaye, har da abin da ba ta gaya wa kowa ba: likita bai ce akwai wani abu ba, amma bai ce babu ba.

Tela ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya, ya soke su a wuyan rigarsa.

"Yaushe ne?"

"Alhamis."

"To."

Sai mai wando ya shigo yana faɗa a kan aljihu, magana ta tsaya nan. Auta ta riƙe hawayenta har ƙofar gida.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Ya ce to."

"Kin gani ko! Haka suke cewa!"

Ranar Alhamis Auta ta shirya yadda aka ce mata. Ba 'yan kunne, ba sarƙa, ba fil a gashi, ko kwalli ba ta sa ba, don an ce wani kwallin yana da ƙarfe a ciki. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce kamar wadda aka taso daga barci. Wayarta kuwa tun safe take dubawa, ba kira, ba saƙo.

Ma'aikaciyar ɗakin hoton mace ce mai magana a hankali, irin ta wanda ya maimaita abu har ya daina mamaki. Ta ce na'urar babban maganaɗisu ce, ba ta yanka, ba ta ciwo, amma tana da ƙara kamar ana gini a kan mutum, don haka za a toshe mata kunne. Za a ba ta 'yar ƙwallon roba, in ta ji ba daɗi ta matsa, a tsaya. Babban aikinta dai kada ta motsa.

Auta ta hango bakin ramin ta ƙofa, sai ta ja da baya. Ita da ko lif na hawa bene ba ta shiga!

"Ba zan iya ba," ta ce. "Wallahi ba zan iya ba, Sista."

"Za ki iya. Mutum ɗaya zai iya shiga ya riƙe miki ƙafa, in dai babu ƙarfe a jikinsa."

Mama ta sunkuyar da kai. Tana da batirin zuciya a ƙirji, tsarabar wata ziyara da ta yi shekarun baya, kuma ko bakin ƙofar ba za a bar ta ta matsa ba. Gwaggo ta miƙe tana kwance 'yan kunne.

"Ni zan shiga. Abin gida a bar shi a gida."

"An taɓa yi miki tiyata, Hajiya?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

"Babu ƙarfe a ƙashi, ko wani abu da aka dasa? Ki tuna da kyau. Maganaɗisun nan ba ya jin kunyar kowa."

Gwaggo ta dakata da kwance 'yan kunnen. Ta dubi Mama, ta dubi silin, sannan ta matsa kusa da ma'aikaciyar ta yi raɗa. Sai dai Gwaggo ba ta taɓa koyon raɗa ba.

"Akwai ɗan wani abu a ƙugu."

"Yaya!" in ji Mama. "Ashe tafiyar nan ta bara..."

"Ziyara ce! A can ne aka ɗan duba ni."

Ma'aikaciyar ta ce ba kowane ƙarfe ke hana shiga ba, amma sai ta san irinsa, kuma Gwaggo ta riga ta ƙone takardun don kada jikoki su gani. Gwaggo ta koma ta zauna, 'yan kunne a hannu.

"Salamu alaikum."

Tela ne, da leda a hammata. Ya durƙusa ya gaida su Mama. Ashe tun da sassafe yake asibitin, yana zaune a ƙofar wani ɗakin hoton daban, wayarsa a kashe don ya ji an ce na'urar ba ta son waya.

"Na ji an ce ba a son zif da maɓallin ƙarfe," ya ce wa Auta, bai iya haɗa ido da ita ba. "Shi ne na ɗinka miki wannan. Riga ce mai igiya kawai."

"Muna da tamu rigar," in ji ma'aikaciyar.

Auta ta karɓi ledar duk da haka, ta rungume ta.

"Kai, yaro," in ji Gwaggo, "ka san me ake nema a kanta? In aka ga wani abu fa?"

"Sai mu san sunansa, Gwaggo, mu nemi maganinsa. Na gaya wa mahaifiyata tun a ranar. Ita ta ce in taho da safa, wai ɗakin da sanyi."

"Ba a ɗaura ba, zai riƙe mata ƙafa?"

"Ta kan safa, Gwaggo," in ji Auta. "Ko kuwa ki kawo takardar ƙugunki."

Mama ta share ido da bakin mayafi. "Bar shi ya shiga, Yaya."

Raba Tela da ƙarfe ya fi shirya marar lafiyar ɗaukar lokaci. Allurai daga wuyan riga, allurai daga hula, almakashi, tef ɗin awo, bel, agogo, makullan shago, katin banki. Da aka tambaye shi ko allura ta taɓa karyewa a yatsansa, ya ce ta sha shiga, amma duk ya ciro su. A ƙarshe aka ba shi rigar asibiti shi ma. Ya duba ɗinkinta, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Gadon ya zame da Auta cikin ramin. Ƙara ta tashi, gwaf-gwaf-gwaf, ta sauya murya, ta sake tashi. Ta rufe ido, ƙwallon roba a hannunta, zuciyarta na cewa matsa. Sai ta ji hannu a kan safarta, ya riƙe gam. Ba ta matsa ba.

Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito. Likita ya ce ƙwaƙwalwa lafiya lau, ciwon ɓarin kai ne, ya rubuta magani ya ce ta rage kwana a kan waya. Aka yi biki a ranar da aka sa. Gwaggo ta yi rawa daidai gwargwadon ƙugunta.

Darasin dai a fili yake. Haƙuri yana da lada, amma haƙuri daban, ɓoye ciwo daban, kuma wanda za ka zauna da shi har tsufa gara ya gan ka tun yanzu ba kwalli. Har yau Auta kan ba wa ƙawayenta labarin jarumin da ya tsaya mata a ɗakin nan, Tela kuma yana jinta, ba ya gyara mata.

Hoto ɗaya ne kawai aka maimaita a ranar. Ma'aikaciyar ta ce marar lafiyar ba ta motsa ba, mai riƙe ƙafar ne ke karkarwa.