Facin Da Bai Karanta Ba

Ranar da ya fara ganinta, a bayan kujerarsa ya same ta tsaye, rungume da kwalin takardu, tana karanta allon kwamfutarsa kamar ita ta saya masa.

"Malam, layi na huɗu. Harafi ɗaya ya faɗi a kalmar nan," ta ce.

Ya waiwayo da niyyar faɗa, sai ganinta ya mantar da shi faɗan. Doguwa ce, da tabarau, da jan biro maƙale a murfin kwalin. Daga maɗabar mahaifinta aka aiko ta da littattafan da ofishin ya ba da a buga.

A ofishin nan na hawa na uku Mai Gadi ake ce masa. Aikinsa kula da wani sashe na babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, wadda dubban mutane daga ko'ina suke haɗuwa su rubuta. Duk wanda ya yi gyara, faci suke kiransa, sai ya aiko zauren imel da kowa ke karantawa, kuma ba facin da ke shiga sashensa sai ya sa hannu cewa ya duba ya gwada. Shekara shida yana kan kujerar, ba a taɓa kama shi da sakaci ba, kuma ya san da hakan fiye da yadda ya kamata.

"Wannan bayanin gefe ne," ya ce. "Kwamfuta ba ta karanta shi. Mu muke bar wa junanmu."

"Au, ku ɗin ba ku cancanci rubutu mai kyau ba ke nan?"

Abokin aikinsa da ake ce wa Injiniya, wanda teburinsa ke kusa, ya fashe da dariya, ya miƙe ya karɓi kwalin daga hannunta da rawar jiki. Shi kuwa Mai Gadi, sai ya ji bakinsa ya ce, "In kina so in koya miki yadda za ki gyara da kanki."

Ta so.

Cikin wata huɗu ta aika faci arba'in, duk na gyaran rubutu a bayanan gefe. 'Yan zauren suka sa mata Jan Biro. Shi kuma ya rage sunan ya mai da shi nasa.

"Birona, facinki ya shiga. Saura ni, yaushe za a duba takarduna?"

"Ɗan Tsaurina, takardunka suna gaban Baba. Ka san ba ya sa hannu sai ya karanta har ƙasa."

Baban nata ya karanta ɗin. Ya sa an bincika, ya zauna da shi sau biyu, sannan ya ce iyayensa su zo ranar Asabar ta sama. Injiniya, wanda shi ma ya kai kansa tun farko aka ba shi haƙuri, ya yi masa murna da baki, idonsa na kan allo.

Ranar Litinin ta aiko faci mafi girma da ta taɓa yi. Kalma ɗaya ce aka shekara ana rubuta ta ba daidai ba, a wuri ɗari uku da wani abu. Maimakon ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta sa kwamfuta ta canza su duka a lokaci guda. Ya buɗe, ya karanta shafi biyu cikin goma sha tara, sai wayarsa ta yi ƙara, saƙonta ya shigo.

"Na zaɓi launin labulen falo. Kar ka tambaye ni, ba ka da ido."

Ya yi murmushi, ya ba ta amsa, ya dawo kan facin da zuciyarsa can wajen labule. Bayanan gefe ne kawai, kuma Jan Biro ce, me za a gwada? Ya rubuta a ƙasa cewa ya duba ya gwada, ya tura.

Washegari da safe ya tarar da saƙo sittin. A wuri biyu cikin ɗari ukun nan, kalmar ba bayanin gefe ba ce, suna ne a cikin rubutun da kwamfuta ke aiki da shi, wanda wasu sassan suke kira da shi. Da aka canza shi suka kira ba amsa. Injinan gwaji suka ƙi tashi, aka ɗage fitar da sabon zubin manhajar da mako guda, mutane daga wuraren da bai taɓa zuwa ba suna tambayar wace ce wannan Jan Biro.

Gumi ya keto masa duk da sanyin ofishin. Dokar zauren ɗaya ce a nan, kuma shi da kansa ya sha tuna wa wasu ita: mai gadin da ya sa hannu bai gwada ba, za a karɓi makullin sashe, wato ikon sa hannu, daga hannunsa. Ya zauna minti goma yana kallon allo. Sannan ya rubuta:

"An cire facin. Mai facin ta taɓa abin da ba bayanin gefe ba. Nan gaba a kiyaye."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya sa ya kasa cin abinci ranar ke nan.

Da azahar amsarta ta shigo zauren, a gaban kowa. Ta ba da haƙuri, ta ce laifinta ne ita kaɗai, ba za ta ƙara aiko komai ba. Bayan nan ta turo masa nasa.

"Ɗan Tsaurina, na zubar maka da mutunci a wajen aikinka. Ka yafe mini. Ko zagi ne ka yi, amma ka yi magana."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Kwana biyu bai kira ta ba, ita kuma ta ɗauka fushi ne. Kunya ce, amma daga nesa kamarsu ɗaya.

Ranar Alhamis mahaifinta ya aiko a kira shi maɗaba.

Injin bugawa na ta ƙara a ciki, warin tawada ya cika ɗakin. Tsohon na zaune a bayan tebur mai gilashi, takardu huɗu a gabansa. Tun daga ƙofa Mai Gadi ya gane saƙonnin zauren ne aka buga, ya kuma gane wanda ya kawo, don Injiniya ne kaɗai yake ja wa rubutu layi da kore. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Tashi ka zauna. Ni ban san aikinku ba," tsohon ya ce, "wanda ya kawo mini wannan ya kawo ne don in ga yadda ka wulaƙanta 'yata a gaban duniya. Na gani. Amma idona ya sauka a wani wurin." Ya ɗora yatsa a ƙasan takarda ta farko. "Nan sunanta ne, ita ta rubuta. Nan kuma naka ne. Me layin nan yake cewa?"

"Yana cewa na duba, Baba. Na gwada."

"Ka duba?"

Injin ya ci gaba da ƙara. Mai Gadi ya kalli takalminsa.

"Shafi biyu na karanta."

"Cikin nawa?"

"Goma sha tara."

Tsohon ya cire tabarau ya ajiye a hankali. "Shekara talatin ina wannan sana'a. Mai jera rubutu yana kuskure, shi ya sa ake da mai dubawa. In takarda ta fita da kuskure, ni ba na neman wanda ya jera, wanda ya sa hannu a gwajin ƙarshe nake nema, kuma sau da yawa ni ne. Yarinyar nan kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, tana cewa ta ɓata maka suna. Kai kuma kana zaune da gaskiyar a aljihu."

"Baba, in na faɗa za a karɓe…"

"Na san za a karɓi wani abu, shi ya sa ka yi shiru. To yau aiki ne. Gobe in wani abu ya lalace a gidanku, wa za ka bari ya tsaya a gaban mutane?" Ya tattara takardun. "Ka ce wa iyayenka kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

Da ya fito ya gan ta a bakin ƙofar ɗakin yankan takarda. Ta ji komai. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Shafi biyu?"

"Birona, ki tsaya in…"

"Kar ka kira ni haka yanzu. Da ka ce mini ba ka karanta ba, wallahi da na rufa maka asiri da kaina, ban damu ba. Amma ka bar ni ina roƙonka gafara." Ta juya ta shige, ta ja ƙofar.

Ya koma ofis a ƙafa, bai ma tuna ya je da mota ba sai da ya kai hawa na biyu. Injiniya ya ɗago ya dube shi.

"Ka ga, ni ban ce maka komai ba," in ji Injiniya, "amma zauren nan mako ɗaya ya isa su manta. Ka yi zamanka."

Mai Gadi ya dube shi, ya gane lissafin. In ya yi shiru, Injiniya zai koma maɗaba da sabuwar riga neman aurenta. In ya yi magana, Injiniya ne na biyu a sashen, makullin hannunsa zai faɗa. Ta kowace hanya mutumin ba zai tashi a banza ba. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi wanda zai iya rayuwa babu shi.

Ya zauna. Sai da ya goge layin farko sau uku kafin ya rubuta wa zauren:

"Ga gyara a kan saƙona na ranar Talata. Na sa hannu cewa na duba facin Jan Biro na gwada shi. Ban gwada ba, kuma shafi biyu na karanta cikin goma sha tara. Kuskurenta irin wanda kowane sabon hannu ke yi ne, kuma don a kama irinsa aka ajiye ni. Na bar ta ta ɗauki laifin ita kaɗai don in tsira da kujerata. Ina ba ta haƙuri a nan, inda na kunyata ta. Na san doka, makullin yana hannunku."

A zauren nan ba a goge komai, abin da ka aika yana nan har jikokinka su karanta. Ya san da haka ya danna ya tura.

Kafin la'asar aka karɓi makullin. Babban mai kula da manhajar ya rubuto layi biyu, ya gode masa da faɗin gaskiya, ya ce Injiniya zai riƙe sashen. Wasu suka yaba, wasu suka ce dama sun faɗa. Bai karanta rabinsu ba. Waya ɗaya yake jira, ita kuma ta yi shiru.

Juma'a ta wuce. Asabar ta zo, mahaifiyarsa ta fito da kayan da ta goge don tafiyar, ta dube su, ta mayar cikin durowa. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ranar Lahadi da hantsi wayar ta yi ƙara. Ya buɗe, saƙonta ne.

"Na karanta. Sau biyar. Har yanzu ina jin haushinka, kar ka ɗauka ya wuce. Baba ya ce ka zo maɗaba yanzu."

Ya same su su biyu. Ba a kunna inji ba, ɗakin shiru. Ita tana tsaye jikin taga ta harɗe hannu, ta ƙi kallonsa. Ya durƙusa.

"Ta fassara mini abin da ka rubuta," tsohon ya ce. "An karɓe kujerar?"

"An karɓe, Baba."

"Ya yi zafi?"

"Ya yi."

"Madalla. Da bai yi ba da ban yarda da kai ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Ke kuma, ni na gama nawa. In kin ce a'a, a'a ce, ba mai tilasta miki."

Ta sauke hannunta, ta gyara tabarau.

"Baba, ka ce wa iyayensa su zo. Amma shi ya sani, in ya ƙara yi mini shiru na kwana biyu, zai ga na wata biyu."

"Na ji, Birona," ya ce.

"Ban ce ka fara kirana haka ba tukuna." Sai dai gefen bakinta ya riga ya tona mata asiri.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Injiniya ya zo, ya tsaya a baya, ya tafi da wuri saboda faci tamanin na jiransa. Da mutane suka ragu, tsohon ya kama hannun surukinsa ya ja shi gefe.

"Zan gaya maka abin da ba za ta gaya maka ba. In ranta ya ɓaci ba ta kuka, share-share take kamawa. In ka ga tana goge abin da ba shi da datti, ka ajiye abin da kake yi ka tambaye ta. Za ta ce ba komai. Ka sake tambaya."

"In sha Allah, Baba."

Tsohon ya daɗe bai saki hannun ba. Ya waiwaya ya kalli 'yarsa can cikin ƙawayenta tana dariya, sannan ya ce, "Ita kaɗai gare ni. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku rufa wa juna asiri da gaskiya. Je ka, tana neman ka da ido."