Angon Jirgin Aswan

Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya a gaɓar Maadi, a Alƙahira. Ukasha na fitowa rungume da tawul sai ya yi tuntuɓe da kwandon wata budurwa mai yi wa baƙi lalle.

"Wash!" ya ce.

"Sannu," ta amsa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Cak ya tsaya. Tun da ya baro Damagaram yake gyaran ɗakunan fasinja tsakanin Alƙahira da Aswan, ba wanda ya taɓa yi masa sannu da Hausa. Sunanta Hiba, 'yar Hausawan Sudan ce, suna zaune da mahaifiyarta Awadiyya a unguwar Hayyin Ashir, nan Alƙahira. Kafin jirgi ya tashi, gogan naku ya karɓi lamba.

Tafiyar kudu doguwa ce. Baƙi na hawa bene suna ɗaukar hoton dabino, shi kuwa yana ƙasa yana shimfiɗa gadajen da ba zai kwanta a kai ba. Saƙonta ne kawai abokin hirarsa.

"Ɗan ruwa, ka ci abinci?"

"Na ci, Hibata, amma ni kaɗai. Ba daɗi."

Da ya je gaisuwa, Awadiyya ta dube shi sama da ƙasa.

"Ya waladi, ɗana, ina danginka? Wa zan kama in ka bi ruwa ka ɓace?"

Ya sunkuyar da kai. Iyayensa sun rasu, ba shi da kowa a ƙasar nan.

Ana cikin haka aiki ya ja masa. A jirgin akan shirya wa baƙi bikin aure na wasa, a naɗa wa wani ma'aikaci rawani, a zaunar da shi kusa da Dalia mai rawa cikin farar riga. Ranar da layi ya zo kansa wani ya ɗauki bidiyo, ya yi ta yawo har Hayyin Ashir.

"Allah ya sanya alheri, ango. Khalas, shi ke nan," Hiba ta rubuto masa.

Daga wannan saƙo wayarta ta daina shiga. Ukasha ya rame, ya koma kamar tsohon tawul. Kewa ta ishe shi, har kuka ya yi a ɗakin wanki.

Da jirgi ya dawo Maadi, sai ga Awadiyya da kanta, ta zo ta wanke shi tas, Hiba na biye da ita idanu jawur. Suka tarar ana kiɗa a bene. Ga Dalia cikin farar rigarta, ga ango da rawani, amma Bakri mai dafa abinci ne.

Awadiyya ta riƙe haɓa.

"Ita wannan amaryar, mazanta nawa?"

"Kowace tafiya da sabo, Hajiya," in ji Ukasha. "Aiki ne."

Hiba ta rufe fuska da mayafi. "Ma'alish, ɗan ruwa, ka yi haƙuri."

Aka sa rana. Da safiyar ɗaurin aure Ukasha na tsaye shi kaɗai a ƙofar masallaci, yana tunanin abin da zai ce in liman ya nemi dangin ango. Sai ga ƙanen Awadiyya ya dafa kafaɗarsa.

"Yalla, mu shiga. Yaya ta ce amarya na da masu tsaya mata da yawa. Ni naka ne."

Da aka shafa fatiha, Awadiyya ta kama hannuwansu biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, in jirgi ya tsaya, gida za ka taho."