Zanen Gidanmu

"Kaka, don Allah kar ki yanke!"

Zornitsa ta riƙe hannun tsohuwar, amma almakashi ya riga ya ratsa zaren. Dardumar aurenta, ta farko da ta koyi saƙawa a masaƙar katako ta gidansu a garin Chiprovtsi, ta zube ƙasa.

"Jiya na ga zanen gidanmu a kasuwa," in ji Kaka Stoyanka. "Saƙar inji! An jibge kamar tsumma. Wa ke aiki a masana'antar saƙa in ba saurayinki ba?"

"Radostin ba ɓarawo ba ne..."

"Ba shi ke koya miki inji a ɓoye ba? Nevena ta faɗa min komai."

Nevena, 'yar kawunta, tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Da yamma Radostin ya zo, yatsunsa duk baƙin mai.

"Zuciyata, dube ni. Ni zan yi miki haka?"

"Kai kaɗai na nuna wa zanen."

"Na rantse..."

"Tafi, Radostin!"

Ya ce, "Da Kaka ce kaɗai ta zarge ni, da na jure. Amma ke?"

Kafin sanyi ya shigo, ya tafi Jamus aiki.

Zornitsa ta koma gindin masaƙa. Ta ƙware har Kaka ta daina gyara mata hannu, sai dai ba a ƙara jin dariyarta ba.

Bayan shekaru, ranar da aka binne Kaka, Nevena ta durƙusa gaban Zornitsa tana kuka.

"Ni na ɗauki hoton zanen na kai wa masana'antar. Na riga ki sonsa, Zori... Na zaci in kun rabu zai kalle ni."

"Ya kalle ki?"

"Ko sau ɗaya."

Zornitsa ta fita tsakar gida ta kira Radostin a waya.

"Radostin... ni ce. Na san gaskiya. Ka yafe min, masoyina!"

Can ta ji kukan jariri, da muryar mace tana kiransa.

"Na yafe tuntuni, Zori," ya ce a hankali. "Ki kula da kanki."

Ta daɗe da wayar a kunne bayan ya kashe. Daga ciki wata gwaggo ta ƙwala mata kira, wai baƙi na jiran abinci.

Ta share fuska ta shiga.