Rijiyoyi Biyu a Gangara

A bakin rijiya Usmanu ya fara ganin Saudatu, shekarar da damina ta sake ƙin garin Gangara. Ta kawo wa mahaifinta fura. Usmanu kuwa ya fito daga ramin da yake haƙa, jikinsa duk ƙasa. Ta miƙa masa ragowar furar.

Rijiyoyin gari sun ƙafe. Mahaifinta Na'Allah yana haƙa sabuwa, Usmanu yana haƙa ta gidansu, kusa da juna, iyakar gona a tsakani. Gidajen biyu ba sa gaisawa tun rigimar iyakar nan.

Da Usmanu ya tura manya neman aurenta, Na'Allah ko tabarma bai shimfiɗa ba.

"Ku dubi rijiyata, ku dubi tashi. Kowace ta miƙe ƙasa sak. Ran da sunka haɗu, shi zo shi ɗauki ɗiyata."

Kowa ya gane. Abu biyu da suka miƙe a jere ba sa haɗuwa, ko za a haƙa har abada.

Gero ya bushe a tsaye. Shanu suka fara faɗuwa. Gidaje suka yi ta tashi zuwa garin Isa. Amiru, mai sayar da hatsi a can, ya fara zuwa zance wurin Saudatu da babur, ana shimfiɗa masa tabarma.

Usmanu ya tura mata saƙo: "Sauden Inno, za ni karkata tawa ta nufi ta Baba. Ba ni da wata hanya."

Ta amsa: "Kul, nawan. Rijiya in ta karkace ta zama kabari. Gara in rasa ka kana numfashi."

Ya ci gaba da haƙa a miƙe, ba don yana sa rai ba.

Na'Allah ne ya fara cimma ruwa, ɗan kaɗan, ja. Daga baya Usmanu ya cimma nasa. Mata suka taru a rijiyar Usmanu suna ja. Na'Allah ya zura gugansa a tasa rijiyar, ya fito da laka. Da matan suka watse, ruwansa ya dawo. Washegari ma haka.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsallaka iyakar.

"Kai, yaro. Ruwana kaka sha."

"Baba, ban karkata ba. Ga igiya, a gwada."

"Na sani. Ruwan ƙasa shimfiɗa guda ne, duk kansa sunka faɗa. Sun haɗu." Ya kau da kai. "Ba ni maida magana. Turo manyanka, in akwai wanda bai tashi ba."

An ɗaura aure ranar Juma'a. Mutanen ba su cika tabarma biyu ba. Babu kiɗa, babu yanka. Sama fes, ko gajimare babu.

Da aka kai amarya, ta dubi tulun da ke gindin gado.

"Nawan, ruwan ga zai kai mu damina?"

"Ban sani ba, Saude."

"To, mu sha tare."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya jiƙa ƙasar.